Fadamar da Aka Binne a Ƙarƙashin Masarar Iowa

A watan Maris na 2015 hukumar ruwan sha ta Des Moines, babban birnin jihar Iowa a Amurka, ta maka ƙananan hukumomi uku na karkara a kotu: Sac da Buena Vista da Calhoun. Ƙorafinta shi ne ruwan da ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin gonakinsu yana zuba a kogin Raccoon ɗauke da sinadarin naitiret, ita kuma daga kogin take ɗiban abin da mutum kusan 500,000 ke sha. A shekarar kaɗai sai da ta kunna injin tace naitiret na kwana 177, ta kashe wajen dala miliyan 1.5. Gwamnan wancan lokaci, Terry Branstad, ya ce birni ya ɗaura yaƙi da mutanen karkara. Shekara biyu aka yi ana jeka-ka-dawo. A Janairun 2017 Kotun Ƙolin jihar ta ce ba a neman diyya a hannun gundumomin magudanar ruwa, wato hukumomin da ke kula da bututun fitar da ruwa daga gonakin ƙananan hukumomin, haka dokar take tun kaka da kakanni. A Maris alƙalin kotun tarayya ya kori ƙarar, ya ce a je majalisa.

A ganina hukumar ruwan ta sha kaye a kotu alhali gaskiya na hannunta. Kuma hujjar da ta fi ƙarfi a wannan magana ta girmi injin tacewa, ta girmi takin zamani, ta girmi ita kanta jihar. Hujjar ita ce yadda ƙasar take kafin garma ta shige ta.

Wajen shekara 14,000 da suka wuce wani ƙaton harshen ƙanƙara ya gangaro daga arewa, ya ratso Minnesota, ya tsaya daidai inda birnin Des Moines yake a yau. Da ya narke ya bar ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai 'yan tuddai da ƙananan kwaruruka ba adadi. Sabuwar ƙasa ce a lissafin masana, ruwa bai samu lokacin sassaƙa wa kansa rafuka a cikinta ba. Saboda haka idan an yi ruwan sama ko ƙanƙara ta narke, ruwan ba shi da inda za shi. Sai ya kwanta inda ya faɗi. Wani kwarin bai kai eka guda ba, ya riƙe ruwa sati biyu ya tsane. Wani ya riƙe har tsakiyar shekara. Wani kuwa tafki ne sosai, ba ya ƙafewa sai an yi fari. Tsakaninsu ciyawa ce doguwa, wadda a wuri mai kyau take shanye tsayin mutum. Babbar cikinsu 'yar uwar gamba ce, dangi ɗaya suke a wajen masana tsirrai. Irin wannan ƙasa ta miƙa daga tsakiyar Iowa ta bi ta Minnesota da jihohin Dakota biyu da Montana har cikin Kanada, kuma har gobe abin da ya rage nata ne ke ƙyanƙyashe wajen rabin agwagin daji na Amurka ta Arewa. Ƙurewar kudancinta ita ce Iowa, kuma can ne kogin Raccoon ya samo yawancin ruwansa.

Da mutane a wurin, ƙabilun 'yan asalin ƙasar. Dakota na arewa, Ioway da jihar ta ci sunansu, Sauk da Meskwaki. Suna farautar agwagi, suna kama wani ɓeran ruwa mai laushin gashi, suna saƙa tabarmin kachala su rufe bukkokin hunturu da su, suna kuma sa wa ciyawa wuta a kan lokacinta. An karɓe ƙasar daga hannunsu yanki-yanki: gabas a 1832 bayan yaƙin Black Hawk, wani jagoran Sauk, tsakiya a 1842, arewa daga hannun Dakota a 1851. A 1857 wasu Meskwaki suka dawo suka sayi eka 80 a Tama da kuɗinsu, a ƙasar da dā tasu ce. Jikokinsu na nan. Duk wanda zai yi maganar yadda ƙasar take a dā ya kamata ya fara da sanin cewa wasu sun rayu da ruwan nan shekaru aru-aru ba su ga abin da zai sa a kore shi ba.

To, nawa ne fadamar? Nan ne magana take da daɗi, don shaidu biyu ne, kuma bakinsu bai zo ɗaya ba.

Shaida na farko safiyo ne. Dokar filaye ta 1785 ta ce kafin gwamnati ta sayar da ƙasa sai an yanka ta murabba'i-murabba'i: babba mil shida-shida, a cikinsa ƙanana 36, kowane mil ɗaya-ɗaya, eka 640. Daga shekarun 1830 zuwa 1859 ma'auna suka bi Iowa da ƙafa. Kayan aikinsu sarƙa ce mai tsawon ƙafa 66, sarƙa 80 mil guda. Mutum biyu na jan ta, ɗaya na riƙe da kamfas, shugaba na rubutawa a ɗan littafi: a sarƙa kaza mun shiga fadama, a sarƙa kaza mun fita. Inda babu itacen da za a yi wa shaida, sai su tara ƙasa su kafa turke a kusurwa. Littattafan nan suna nan ajiye, kuma da su aka zana taswirar farko. Amma safiyo layi yake bi. Abin da ke tsakiyar mil guda, nesa da sawunsa, sai dai ya hango ko ya ƙiyasta. Da mil ake biyansa, ba shi da dalilin ratsewa ya je ƙirgen kududdufai. Wanda ya zo bayan ruwa ya tsane, ko lokacin da ƙasa ta daskare, ya taka fadama ya wuce ya rubuta ciyawa. Ba ƙarya ya yi ba, abin da ya gani ke nan. Sai dai taswirarsa ta rage wa ruwa kasonsa, kuma ƙananan fadamu ne suka fi ɓata a cikinta.

Shaida na biyu ita ce ƙasar da kanta, kuma ni na fi gaskata ta. Ƙasar da ta yi shekara dubbai tana jiƙe takan ɗauki tambari. A haƙa rami a tsakiyar gonar masara wadda babu ɗigon ruwa a kanta yau. Sama baƙa ce wuluk, mai kauri, ragowar tsirran da suka ruɓe a hankali saboda rashin iska. A ƙara zurfi, sai yumɓu mai launin toka, da ɗigo-ɗigon tsatsa inda iska ta riƙa shiga tana fita. A gefen tsohon tafki kuwa akan ga ƙasa ta yi fari-fari, da ɓaraguzan ƙwaryar dodon-koɗi a cikinta, a gonar da rabon ta da tafki an fi shekara ɗari. Ma'aikatar noma ta zana taswirar ƙasa gona-gona, ta ba kowace iri suna: Clarion a kan tudu, Webster a shimfiɗaɗɗen wuri mai danshi, Okoboji a gindin kwari. A 2009 masu bincike na Jami'ar Jihar Iowa da ke Ames suka haɗa wannan taswira suka fitar da lissafi: kusan rabin yankin da ƙanƙarar ta kwanta a kansa fadama ne. Suka kuma nuna cewa mafi yawanta ba tafkuna masu zurfi ba ne, jiƙaƙƙiyar ƙasa ce mai ciyawa, irin wadda safiyo zai taka bai ma kula ba.

Lissafin jiha baki ɗaya kuma yana cikin rahoton da Thomas Dahl na hukumar kula da kifi da namun daji ya kai wa majalisar Amurka a 1990. Ya ce a shekarun 1780 jihohi 48 na ƙasar suna da fadama eka miliyan 221, a shekarun 1980 saura miliyan 104. Iowa na da wajen eka miliyan 4, saura ɗan abin da ya haura 400,000. Kashi 89 cikin ɗari sun tafi. Kalifoniya da Ohio ne kawai suka fi ta asara.

Ba na cikin masu zagin mutanen da suka yi wannan aiki. Wanda ya karanta labarin baƙin da suka fara shiga arewa maso tsakiyar Iowa zai tausaya musu. Shi ne yankin da aka fi jinkirin zama a cikinsa, don keken shanu na nutsewa har gindin ƙafa, hanya takan yanke wata da watanni, sauro ga shi nan kamar hayaƙi, kuma zazzaɓin cizon sauro, wanda yau ake ɗauka ciwonmu ne mu kaɗai, a lokacin yana kwantar da iyali guda a tsakiyar Amurka. Mutum ya ci bashi ya sayi eka 160, ya tarar rabinta sai agwagwa. Me ake so ya yi? Kowannenmu da shi ne, cebur zai ɗauka. Kuma abin da suka samu ba ƙarami ba ne: ƙasar da suka tsane tana cikin mafi albarka a duniya, Iowa ce kan gaba a Amurka wajen masara da aladu, kuma a 'yan shekarun nan matsakaicin kuɗin eka guda ya haura dala 11,000.

Abin da nake so a lura da shi shi ne yadda aka yi aikin. Mutum ɗaya ba ya iya busar da irin wannan ƙasa, don ruwan da ya kora daga gonarsa gonar maƙwabci zai faɗa. Sai da hukuma ta shigo. A 1850 majalisar tarayya ta yi dokar da ta miƙa wa jihohi filayen fadama kyauta, a kan su sayar su yi magudanai da kuɗin. Da ita da 'yan uwanta na 1849 da 1860 an miƙa wajen eka miliyan 65, Iowa ta samu sama da miliyan ɗaya. An yi cuwa-cuwa a ciki ba kaɗan ba. Har akwai barkwancin da ake bayarwa na wakilin da ya ɗora kwalekwale a kan keken doki, ya zauna a ciki aka ja shi a kan busasshiyar ƙasa, ya je ya rantse cewa a jirgi ya ratsa filin. Amma dokar ta kafa tushe: a idon gwamnati fadama cuta ce, kawar da ita kuma aikin alheri.

Daga nan sai bututu. Wani manomi ɗan Sikotland, John Johnston, shi ya fara binne bututun yumɓu a gonarsa ta jihar New York a shekarun 1830, maƙwabta na yi masa dariya wai yana binne tukwane. Gunduwa-gunduwa ne, kowace wajen ƙafa ɗaya, ana jera su baki-da-baki a rami mai zurfin wajen mita guda, ba a liƙewa, ruwa ya riƙa shiga ta tsakaninsu ya bi gangare. Zuwa ƙarshen ƙarnin masana'antun gasa bututu sun cika tsakiyar Amurka, garin Mason City na Iowa ya yi suna da su. A 1904 majalisar Iowa ta yi dokar gundumomin magudanar ruwa, a 1908 aka gyara tsarin mulkin jihar kansa don dokar ta tsaya da ƙafarta. Tsarin mai sauƙi ne. 'Yan masu gona su kai koke ga shugabannin ƙaramar hukuma, a naɗa injiniya ya auna, a shata gunduma, a haƙa babban lambatu ko a binne babban bututu, a raba kuɗin a kan kowace gona gwargwadon amfanin da aka ce za ta samu. Wanda bai so ba ma sai ya biya, tare da harajin filinsa za a karɓa. Idan lambatun ta gonarka zai bi, ta nan zai bi, a ba ka diyya. Gundumomi irin wannan sun haura 3,000 a Iowa. Cikin shekaru kamar talatin aka gama da yawancin fadamar. Daga shekarun 1960 bututun roba mai naɗi ya maye gurbin na yumɓu, inji na binne shi yana tafiya, kuma har yau ana ƙarawa.

Wato da doka aka busar da ƙasar, da haraji, da tilas, da haɗin kai. A riƙe wannan.

Yanzu a je bakin lambatu a watan Mayu a duba. Bututu ne ya leƙo daga gefen rami, ruwa na zuba daga bakinsa garai-garai, mai sanyi, babu laka babu wari. Wanda bai sani ba zai sa hannu ya sha. Naitiret ba shi da launi. Yana fitowa daga takin zamani, da kashin aladu da ake zubawa a gona, da kuma ita kanta baƙar ƙasar, wadda tun da aka buɗe wa iska hanya take sakin abin da ta tara. Masara da waken soya wata huɗu zuwa biyar suke a tsaye. Daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin da ruwa ya fi sauka, gona kusan tsirara take, babu saiwar da za ta kama sinadarin. A dā ruwan zai kwanta a fadama, ƙwayoyin halittar da ke cikin taɓo su cinye naitiret ɗin su mai da shi iska ya tashi. Yau cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki ya bar gona ya shiga kogi. Dokar Amurka ta ce kada ruwan sha ya wuce miligiram 10 a lita, saboda jarirai: idan ya yi yawa yana hana jininsu ɗaukar iska, jikinsu ya yi shuɗi. Raccoon kan tsallake wannan iyaka a shekarun da ruwa ya yi yawa. A Yunin 2025 sai da aka hana mutanen Des Moines da kewaye ban ruwan ciyawar ƙofar gida, karo na farko, don injin tacewa ya kasa biyan buƙata. Abin da ya wuce birnin kuma ya faɗa kogin Misisipi ya gangara Mashigin Tekun Meziko, inda yake ciyar da gansakuka, ta mutu ta ruɓe ta shanye iskar ruwa. A 2017 yankin da kifi ba ya iya zama a cikinsa ya haura murabba'in kilomita 22,000. Ya fi jihar Kano faɗi.

Akan haɗa da maganar ambaliya, amma ni ina taka-tsantsan a nan. A Yulin 1993 Raccoon ya shanye matatar ruwan Des Moines, mutum 250,000 suka yi kwana 12 famfo ba ya kawowa. Wasu na cewa da fadamun na nan da hakan bai faru ba. Ban yarda ba. Ruwan shekarar ya fi ƙarfin kowace fadama, kuma kwarin da ya riga ya cika ba ya karɓar ƙari. Fadama na rage ƙananan ambaliya da matsakaita, wannan gaskiya ne, amma wanda ya yi wa mutane alkawarin abin da ya fi haka yana ba abokan gardamarsa sanda ne. Hujjar naitiret ta isa ita kaɗai.

To me hukuma ta yi? A 2013 jihar ta fitar da shirin rage sinadaran taki da kashi 45 cikin ɗari. Shirin ya lissafa dabaru masu kyau: shuka ciyawar rufe ƙasa bayan kaka, rage taki, gina fadamu. Ga masana'antu da matatun birane akwai sharaɗi. Ga gona kuwa ganin dama ne, wanda ya so ya yi, a taimaka masa da kuɗi. Babu wa'adi, babu hukunci. Dokar tsabtar ruwa ta tarayya ta 1972 ma ta keɓe ruwan da ke fitowa daga gona, shi ya sa bututun masana'anta ke buƙatar lasisi, na gunduma kuwa, ko da faɗinsa ya kai mutum ya shiga a tsugune, ba ya buƙata. Wannan ne abin da ban iya haɗiyewa. Kakanni ba su ce wanda ya ga dama ya haƙa lambatu ba, don sun san da haka ba za a taɓa gamawa ba. Da aka zo gyaran ɓarnar da lambatun ya jawo, sai aka tuna da 'yancin mai gona.

Akwai kuma batun ranar da ake fara ƙirge, kuma a nan ne tsohuwar taswira take da haƙori. Dokar noma ta 1985 ta ce manomin da ya busar da fadama zai rasa tallafin gwamnati. Madalla. Amma daga 23 ga Disamba, 1985 take fara aiki. Duk abin da aka busar kafin ranar an yafe. A Iowa kuwa an gama yawancin aikin shekaru da dama kafin a rubuta dokar. Bayan 'yan shekaru gwamnatin George Bush babba ta zo da manufar cewa kada jimillar fadama ta ƙara raguwa. Kamar mutum ne ya cinye malmala tara cikin goma, ya wanke hannu, sannan ya kafa doka mai tsanani a kan kada kowa ya taɓa tuwo. Ita ma ta goman ba ta tsira ba: a Mayun 2023, a shari'ar Sackett, Kotun Ƙolin Amurka ta ce dokar tarayya ba ta kare fadama sai wadda ruwanta ke haɗe kai tsaye da kogi ko tafki. Kwaruruka irin na Iowa kuwa asalinsu a ware suke, kowane da ruwansa. Wanda ya zaɓi shekarar fara lissafi ya riga ya zaɓi wanda ake bin bashi. Idan daga 1985 ne, Iowa ba ta ci komai ba. Idan daga 1850 ne, ta ci tara cikin goma.

Mu ma muna da irin wannan a gida. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ruwan da ke malala a fadamar Haɗeja da Nguru ya canza yawa da lokaci, kachala ta toshe hanyoyi. A 2000 aka sa wani ɓangarenta cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Yaron da aka haifa bayan haka zai ɗauka abin da ya tarar shi ne fadamar. Waɗanda suka yi su da noman shinkafa da kiwo a can kafin Tiga sun tsufa, kuma abin da suka sani game da inda ruwa ke kaiwa ba a rubuce yake kamar littafin safiyon Iowa ba. Aikin jami'o'inmu ne su bi su da taswira tun suna raye.

In koma Iowa. Manomi zai ce, to so kake a mai da rabin gonakinmu wurin wasan agwagi? A'a. Babu mai hankalin da ke neman haka, kuma masu nuna tsohuwar taswira suna kuka kawai ba sa taimakon kowa. Amfaninta shi ne tana nuna inda ruwa yake so ya kwanta, kuma can ne mayar da shi ya fi araha. Binciken William Crumpton da abokan aikinsa a Ames ya nuna cewa fadamar da aka gina a daidai inda bututun gunduma ke zubarwa, mai girman rabin kashi ɗaya zuwa kashi 2 cikin ɗari na filin da ke zubo mata ruwa, tana iya cire daga kashi 30 zuwa 70 na naitiret. Kashi 2, a ƙasar da dā kusan rabinta ruwa ne. Jihar ta fara gina irinsu tun 2001 da kuɗin tarayya da nata, ga wanda ya yarda. Bayan shekara ashirin da ɗoriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, alhali lissafin shirin jihar da kansa dubbai yake nema. Da wannan tafiya jikokin jikoki ne za su ga ƙarshenta.

Kuma ba kowace eka ce ke biyan mai ita ba. Wanda ya bi ta sama da yankin bayan ruwan Yuni zai ga tsofaffin kwaruruka sun fito ɗaya-ɗaya a tsakiyar gonaki, zagaye-zagaye suna ƙyalli, daidai inda taswirar ƙasa ta rubuta Okoboji. Yabanya ta nutse, a sake shuka, wani lokaci ta sake nutsewa. An zuba iri da taki da man tarakta a wurin da sau da yawa ba ya mayar da su. Abin da ke rufe asarar shi ne inshorar amfanin gona, wadda gwamnatin tarayya ke biyan wajen kashi 60 cikin ɗari na kuɗinta. Ke nan mai biyan haraji na biya a noma kwarin, ya sake biya a tace ruwan da ya fito daga cikinsa. Da an ba manomin kuɗin ya bar wurin ya koma yadda yake, da kowa ya huta. Sai dai a kula da darasin binciken 2009: abin da aka fi rasawa jiƙaƙƙiyar ciyawa ce marar zurfi, masu gyara kuma sun fi son haƙa tafki mai zurfi, don shi ke kyau a hoto, shi kuma mafarauta ke so.

Gardamar da ta fi nauyi a wajena ita ce ta wa zai biya. Fiye da rabin gonakin Iowa haya ake nomansu. Mai ƙasar na iya zama a wata jiha, mai noman kuma shekara-shekara yake sabunta yarjejeniya, ba zai kashe kuɗi a kan abin da ba nasa ba. Gaskiya ne. Amma wannan hujja ce a kan ganin dama, tana nuna dalilin da ya sa roƙo ba ya aiki. Gunduma kuwa mai ƙasa take caja, ba mai haya ba, kuma ta san kowace eka da ke zuba ruwa a bututunta, don da wannan lissafin take karɓar kuɗi fiye da shekara ɗari. Kotu ta ce aikin gunduma ɗaya ne tak a doka, fitar da ruwa. To majalisar da ta ba ta wannan aiki a 1904 tana iya ƙara mata na biyu. Mutanen birni su ma su sa hannu a aljihu, tunda masarar da naman suna ci, kuma sayen eka a bakin lambatu ya fi musu sauƙi a kan faɗaɗa injin tacewa duk bayan 'yan shekaru.

Lokacin ma ya zo daidai. Manyan bututun da aka binne tsakanin 1904 da shekarun 1920 sun tsufa, suna rugujewa, kuma sun yi wa ruwan yanzu kaɗan. Gunduma bayan gunduma na kiran injiniya ya zana sabo, mai faɗin da ya fi na dā, wanda zai fitar da ruwa da sauri fiye da na dā, kuma da zarar an binne shi zai yi wata shekara ɗari a wurin. Kowane irin wannan zane sai ya zo gaban shugabannin ƙaramar hukuma an yi zaman jin ra'ayi kafin a raba kuɗin a kan gonaki. Abin da nake ganin ya dace majalisar Iowa ta rubuta layi ɗaya ne: kada a amince da zanen sabon babban bututu sai da fadama a bakinsa, girmanta gwargwadon filin da ke zubo mata, kuɗinta a cikin kason da ake rabawa, jiha da birane su ɗauki nasu rabon.